Daga Agege Zuwa Ikorodu: Kada A Bar Kaza Cikin Gashinta

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi ce. Ni dai ban taɓa zaton zan ƙetare Kogin Kwara in gangara har bakin teku don in ɗauki karatu a ƙofar akurkin kaji ba, amma haka Allah ya nufa. A daminar da ta wuce wata hidima ta zumunci ta kai ni Ikko, na yi kwana goma sha biyu tsakanin Agege da Ikorodu, kuma abin da na gani a bayan gidan wata uwata shi ne zan ba masu karatu labarinsa a wannan mako. Tun da fari ina roƙon gafara, domin maganar za ta taɓo wurin da Bahaushe ba ya son ambata, watau ƙarƙashin wutsiyar kaza. To, amma kunya ba ta warkar da ciwo, kuma akwai gidaje da yawa waɗanda abincinsu daga nan yake fitowa.

Na fara sauka a Agege, kamar yadda mutanenmu suka saba tun zamanin kakanni. Goro ne ya kafa mu a wannan wuri. Hanyar jirgin ƙasa da Turawa suka shimfiɗa daga Ikko ta isa Badun a 1901, ta kai Kano a 1911, Agege kuwa tasha ce a kanta. Manoman yankin suka shuka goro, fatakenmu suka zo saye, suna ɗaure shi huhu-huhu suna lodawa zuwa Arewa, shanu kuma suna gangarowa Kurmi. Da haka Zangon Agege ya kafu, da masallatansa da makarantun allonsa da Sarkin Hausawansa. Har gobe babbar mayankar Oko-Oba tana nan kusa, kuma mutum sai ya yini a Zango bai ji ya yi baƙunta ba: ga mai shayi, ga mai tsire, ga masa da miyar taushe, ga Hausa ana yi kamar a Fagge.

Sai dai Agege ta cika ta batse. Fili ya yi tsada, kuɗin haya ya hau, saboda haka da yawa daga cikin 'yan'uwanmu sun janye zuwa gefen gari. Cikinsu har da wadda na je dominta, matar marigayi ƙanen mahaifina, wadda muke kira Inna. Bayan rasuwar mai gidanta ta kwashe 'ya'yanta ta koma Ikorodu, inda ta sami ɗaki biyu da ɗan fili a baya.

HANYAR IKORODU

Daga Agege na bi ta Ikeja na faɗa babban titin Ikorodu. Duk wanda ya bi wannan titi zai wuce kasuwar Mil 12, inda manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Kano da Sakkwato da Jos, kuma a nan ma harshenmu ne ke tashi. Daga can sai na hau doguwar bas irin mai hanyarta ita kaɗai, wadda ta fara zuwa Ikorodu a 2015. Tun daga nan ƙasa ta soma canza kama. Hagu da dama fadama ce da ruwa kwance. A gadar Majidun na leƙa na ga kwale-kwale jere da gidaje a bakin ruwa, iska kuma ta yi nauyi, riga ta manne a jiki ko da mutum bai motsa ba.

Ikorodu tsohon garin Yarabawa ne, a gaɓar arewa ta babban tafkin da ya kewaye Ikko, kuma sarautarsu Ayangburen ake ce mata. Kafin a buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, ta nan motocin Arewa da yawa ke bi su ɓulle Shagamu, wata cibiyar goron. Saboda haka Sabon Ikorodu, unguwar baƙi, ba yau ta fara ba. Yankin kuma ya yi suna wajen kiwon kaji, har Gwamnatin Jihar Legas ta keɓe wa masu wannan sana'a wuri na musamman a Erikorodo. Amma ba manyan gonaki na je gani ba. Na je gidan da kaji 36 ke riƙe da shi.

Inna haifaffiyar wani ƙauye ce kusa da Funtuwa, kuma tun tana yarinya take kiwon kaji. Waɗannan nata na yanzu jajayen kajin gidan gona ne masu ƙwai. Kazar Hausa a shekara takan yi ƙwai 40 zuwa 60, alhali irin waɗannan, in sun sami kulawa, sukan kusanci 300. A da Inna takan tara kiret guda a yini, watau ƙwai 30, ta kai wa masu shayi. Daga nan ake cefane, daga nan ake biyan kuɗin makarantar yara uku. Ranar da na isa, bayan mun gaisa na tambayi gajiya da damina, sai ta ce:

"Ɗana, lafiya lau, sai dai kajin nan sun sa ni gaba. Yau ƙwai 17 na ɗauka."

ABIN DA KE ƘARƘASHIN GASHI

Muka zagaya bayan gida. Akurkin na katako ne da waya, rufin kwano, ƙasansa an zuba dusar katako. Tun ban ƙarasa ba wani wari ya tare ni, mai tsami-tsami, wanda ya sha bamban da warin kashin kaji da kowa ya sani. Kajin suna tsaye, suna ci, ba wadda ta faɗi. Wanda ya dube su ta gaba zai rantse lafiyarsu ƙalau. Sai da Inna ta kamo ɗaya ta juya ta, sa'an nan na ga inda gizo ke saƙa. Gashin da ke ƙarƙashin wutsiya ya cuɗe ya daskare da wani farin ruwa mai yauƙi, fatar wurin ta yi ja ta kumbura, wani gashin ma ya zube. Muka duba sauran, muka sami bakwai a wannan hali.

Yarabawa suna da karin magana cewa sai iska ta busa ake ganin abin da kaza ke ɓoyewa a baya. Mu kuma mukan ce a bar kaza cikin gashinta. A zaman duniya wannan shawara ce mai kyau, amma a wajen kiwo ita ce ke jawo hasara.

Na tambayi Inna abin da ta yi musu. Ta ce mako uku ke nan tana fasa kafso ja da rawaya a ruwan shansu, kamar yadda wani mai sayar da magani ya gaya mata, kuma da ta ga abin bai yi sauƙi ba sai ta ƙara yawansa. Washegari muka aika aka kira wani likitan dabbobi, Bayarabe ne, amma a Zariya ya yi karatu, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya duba kajin ɗaya bayan ɗaya, ya sunsuna abincin, ya tona dusar katakon da ƙafarsa, ya leƙa kaskon ruwa. Kana ya ce:

"Alhaja, ki yi haƙuri. Maganin da kike ba su yana cikin abin da ke ƙara musu ciwon."

Ga bayanin da ya yi mana, gwargwadon yadda na riƙe shi. Kaza ba kamar akuya ko tunkiya ba ce. Ƙofa ɗaya Allah ya yi mata a baya. Ta nan kashi ke fita, ta nan farin da ke kan kashin, wanda shi ne fitsarinta, ke fita, ta nan kuma ƙwai ke fita. Ƙwai guda yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu, saboda haka kaza mai ƙwai kusan kullum sai wannan ƙofa ta buɗe ta sha wahala. A cikin hanjin kaza kuwa akwai ƙananan halittu iri-iri da ido ba ya gani, masu amfani da masu cutarwa, suna zaune kowa yana taka wa ɗan'uwansa burki. Cikinsu akwai wani irin yis, dangin funfuna, da likitoci ke kira Kandida. Muddin masu amfanin suna da ƙarfi, ba ya iya kome. Amma in kaza ta sha ruwa mai ƙazanta, ko ta ci abinci mai funfuna, ko zafi da cunkoso suka galabaitar da ita, ko aka daɗe ana ɗura mata magani mai kashe ƙwayoyin cuta, sai masu amfanin su ƙare, yis ɗin ya sami fili ya yaɗu, dubura ta kumbura ta dinga zubar da ruwa. Kafso ja da rawaya, watau tetirasakilin, ba ya kashe yis. Abokan gabarsa yake kashewa.

CIWON WURI NE

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da likitan ya ce Inna ba ta yi sakaci ba, kiwon Funtuwa ta kawo Ikorodu. A Arewa rana da iska suna yi mana rabin aikin tsabta ba mu sani ba. Kashin kaza kafin azahar ya bushe. Masara takan shekara a rumbu ba ta yi kome ba. Kaza takan sami ƙura ta yi birgima ta kakkaɓe ƙwarƙwata. A Ikko kuwa ruwan sama na shekara ya kusa ninka na Kano biyu, kuma damina biyu ce: babba wadda ke tsananta wajen watan Yuni, da ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Hunturu ɗan leƙowa yake yi ya koma. Abin da ya jiƙe a nan ba ya bushewa da kansa.

Muka ga shaidar haka da idonmu. Buhun abincin kajin yana jingine da bango a kan siminti, ƙasansa ya dunƙule ya yi kore-kore. Masarar da ke cikinsa mai yiwuwa daga kasuwannin Arewa ta taso a bushe ƙayau, ta zo nan ta sha laima. Dusar katakon ta jiƙe ta yi baƙi saboda feshin ruwa da ke shigowa ta waya. Kaskon ruwan kuma ya yi gansakuka, kaji suna hawa bakinsa suna yin kashi a ciki. Ban da haka, ba wani busasshen wuri da kaza za ta yi birgima, shi ya sa a gindin gashin wasu muka ga ƙwayayen ƙwarƙwata sun taru fari fat.

YADDA AKA YI JIYYA

Da yake na san akwai masu karatu da ke da irin wannan kiwo a bayan gida, bari in zayyana abin da aka yi filla-filla.

Da farko aka ware bakwai ɗin a wani keji dabam, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Dalili biyu ne. Kaza in ta ga ja a jikin 'yar'uwarta sai ta kai baki, sauran su biyo, har su yi mata rauni ko su kashe ta. Sa'an nan wanda ke da zakara ya raba shi da marasa lafiya, don yana iya ɗaukar ƙazantar daga wannan ya kai wa waccan.

Na biyu, aka daina kafson nan take. Likitan ya kuma ja kunnen Inna cewa maganin da kaza ta sha yana fitowa a ƙwai, saboda haka ƙwan da aka yi lokacin shan irin wannan magani ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba, sai kwanakin da aka ƙayyade wa maganin sun cika. Wannan magana ta yi wa Inna nauyi, domin kuɗi ne za a zubar. Amma ta ce ba za ta ci haƙƙin masu shan shayi ba.

Na uku, wanka. Aka zuba ruwa mai ɗumi a roba, ɗumin da za a yi wa jariri wanka da shi, da ɗan gishiri kaɗan. Aka zaunar da kaza ciki, ruwan ya rufe bayanta kawai, har minti 10 zuwa 15, sai ƙazantar ta jiƙa ta saki da kanta. Ba a ɓamɓarowa da ƙarfi, don fatar takan biyo. Gashin da ya cuɗe aka rage shi da almakashi, ba a fige ba. Kana aka tsane ta da tsumma mai tsabta har ta bushe sarai. Mai wankan ya sa safar hannu in da hali, ya kuma wanke hannu da sabulu in ya gama.

Na huɗu, aka shafa man kashe funfuna mai suna kulotirimazol a bakin duburar da kewayenta, safe da yamma. Biyu da abin ya fi tsananta a kansu likitan ya ba su wani magani na sha mai suna nistatin, shi ya auna da kansa. Ya ce akwai lokacin da ƙwayoyin cuta ne ke jawo kumburin, a nan magani mai kashe su yana da amfani, amma mai ilmin abin ne zai duba ya zaɓa, ba a yi da ka.

Na biyar, aka gyara ciki. Aka riƙa ba su ɗan kindirmo marar sukari, cokali guda ga kowace kaza, don a mayar da ƙwayoyi masu amfani. Wasu masu kiwo sukan sa ruwan khal na tuffa, babban cokali ɗaya cikin lita 4 na ruwa. Likitan ya ce ba laifi, amma taimako ne, ba shi ne maganin ba, kuma a roba ake sawa, don yana cin kwanon ƙarfe.

Na shida, wanda shi ne uwa uba, aka gyara wurin. Muka zubar da abincin da ya yi funfuna, aka ɗora sabon buhu a kan katako nesa da bango, aka kuma yanke shawarar sayen na mako biyu kawai a lokaci guda. Aka kwashe dusar katakon aka zuba busasshiya, aka rataya buhuna ta gefen da feshi ke shigowa. Kaskon ruwa aka ɗaga shi daidai bayan kaza, ana wanke shi kullum. Kaza mai ƙwai takan ci wajen giram 110 zuwa 120 a yini, ta sha ruwa ninki biyu na haka ko fiye in ana zafi, saboda haka ruwan da ya lalace ya fi kome saurin yi mata illa. Daga ƙarshe aka sa wani akwati a ƙarƙashin rufi, aka cika shi da busasshen yashi da tokar murhu. Da ma ka ga yadda kajin suka yi rububin shiga, sai ka ce an mayar da su Funtuwa.

BA KOWANE CIWON BAYA NE WANNAN BA

Likitan ya gargaɗe mu kada mu mai da kowace ƙazantar baya ciwo ɗaya. In aka ga jan nama ya leƙo waje, to mafitar ƙwai ce ta zazzago. Yakan sami budurwar kaza da ta fara ƙwai da wuri, ko wadda ta yi ƙiba, ko mai manyan ƙwai, ko wadda abincinta ya gaza sinadarin da ke gina ɓawo. A wanke, a shafa mai, a mayar a hankali, a ajiye ta wuri mai duhu don ta huta da yin ƙwai. In abin ya yi ta dawowa, sabo da kaza ba ya hana yanka ta, muddin ba magani a jikinta. Rigakafinsa shi ne dakakken ɓawon kawa, wanda ba ya wuyar samu a bakin ruwa irin Ikorodu. In kuma kaza tana ta yunƙuri, wutsiya ƙasa, ba ƙwai, to ƙwai ne ya maƙale. Ruwan ɗumi yakan taimaka, amma kada a matsa har ya fashe a ciki. In ciki ya kumbura ya yi ruwa, ciwon ya yi zurfi, sai likita. A ƙasa mai zafi da laima kuma a yi hattara da ƙuda, domin ƙwansa cikin yini guda yake zama tsutsa a jikin rauni.

Akwai kuma inda jiyyar gida ba ta da hurumi ko kaɗan. In kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, da zawo kore, ko kumburin kai, ko murɗewar wuya, to ana tsoron annobar Niyukasil ko murar tsuntsaye. Masu karatu za su tuna murar tsuntsaye ta fara ɓulla a ƙasar nan a 2006, a wata gona da ke Jaji cikin Jihar Kaduna, ta kashe wata mata a Ikko a farkon 2007, ta kuma sake tasowa a Kano da Ikko a 2015. A irin wannan hali ba yanka, ba sayarwa, sai a garzaya ofishin likitan dabbobi na gwamnati. Ita kuwa Niyukasil tana da rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana yin sa.

Na kwana tara a gidan Inna. Kafin in taso, biyar daga cikin bakwai ɗin bayansu ya bushe, jan ya ragu, warin ya tafi. Ɗaya tana nan tana jan jiki. Ɗaya kuwa, wadda ta fi daɗewa da ciwon, ta mutu a kwana na huɗu, muka haƙa rami muka binne ta. Ƙwai bai koma 30 ba tukuna, amma ranar da na yi sallama Inna ta ɗauki 23, kuma ta ɗauki wata sabuwar al'ada: kowace Jumma'a da safe sai ta kama kajin ɗaya bayan ɗaya ta juya su ta duba.

Da zan koma ban bi mota ba, na gangara tashar Ebute na hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Ikko. Ina zaune ina kallon Ikorodu tana nisa cikin hazo, sai na tuna da dubban 'yan'uwanmu da ke zaune a Agege da Mil 12 da Shagamu da Badun da sauran garuruwan Kurmi, kowa da ɗan akurkinsa a bayan gida. Mun iya kiwo, ba wanda zai ƙwace mana wannan. Amma wanda ya sauya ƙasa lalle ne ya sauya dabara, domin ranar da ke share masa akurki a gida ba ta biyo shi ba. Haka su ma na gida, in damina ta yi nisa cikin Agusta, Kano da Zariya sukan ɗanɗana irin laimar Ikko. Shawarata ga kowa ita ce ya tsare bushewar wuri da tsabtar ruwa, ya bar fasa kafso da ka, ya kuma riƙa ɗaga wutsiya yana dubawa tun ciwo yana ƙarami.

Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.